Kashe Saba Da Gangan: Fashin Baƙi Kan Kula Da Manhajar Kamfani A Damagaram

A kusan kowane kamfani mai ɗan girma a Damagaram, daga manyan shagunan sari na gefen Kasuwar Dole zuwa farmasi da kilinik da makarantun kuɗi da kamfanonin motocin safa, akwai kwamfuta guda wadda sauran suke jingine da ita. Ita ce saba. A cikinta lissafin kaya yake, da sunayen masu bashi, da albashin ma'aikata, da faktir ɗin da hukumar haraji za ta tambaya. Wani wuri tana da ɗakinta da na'urar sanyi, wani wuri tana ƙarƙashin teburin kwantabul, ƙura ta lulluɓe ta. Duk inda take, doka ɗaya ake bin ta da ita, kuma duk mai aikin kwamfuta a garin nan ya sha jin dokar daga bakin mai gida: "Tana aiki, kar a taɓa ta."

A ganina wannan magana ce ke haifar da da yawa daga cikin ranakun da layi ke tsayawa a gaban gishe, ma'aikaci yana ba mutane haƙuri su dawo gobe. Saba za ta tsaya, ko an so ko ba a so. Abin da ke hannun mai kamfani shi ne rana da sa'a. Ko dai ya kashe ta da kansa na awa biyu a daren da ya zaɓa, kwafin ajiya yana gefe, mai gyara yana zaune, ko kuma ta tsaya da kanta ranar Alhamis da hantsi, kasuwa ta cika, mai gyaran kuma yana Maraɗi.

Lissafin ba shi da wuya. Na'urar da ke aiki kashi 99 cikin 100 na shekara, wanda a kunne kamar ya yi kyau, tana kwance sama da kwana uku da rabi. Wadda ta kai 99.9 tana kwance kusan awa 9. A ce shago yana cinikin sefa miliyan 2 a yinin awa goma: kowace awar da na'ura ta tsaya da rana, cinikin jika 200 ne ke jiran tsammani, ban da abokin cinikin da ya tsallaka shagon maƙwabci bai dawo ba. Awar da aka kashe ta bayan lisha kuwa ba ta cin ko dala.

To me zai sa a taɓa abin da ke aiki? Manhaja ba ta tsatsa, rubutun da aka yi ta da shi ba ya sauyawa. Abin da ke kewaye da ita ne yake sauyawa. Kowace babbar manhaja tana zuwa da kurakuran da ba a gano ba ranar da aka sayar da ita, kuma masu bincike da ɓarayin intanet duk suna haƙonsu. In an gano ɗaya, kamfanin da ya yi manhajar ya fitar da faci. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, fitowar facin kanta shela ce. Ɓarayi suna gwada manhajar kafin faci da bayansa, su gane daidai inda ramin yake, sannan su baza na'urorinsu suna lalube adireshi bayan adireshi don neman wanda bai liƙa ba.

Haka aka yi a 2017. Ranar 14 ga Maris kamfanin Microsoft ya fitar da facin wani rami a hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayiloli. Ranar 12 ga Mayu ƙwayar WannaCry ta bi wannan ramin, ta kulle bayanan kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Wata biyu cur facin yana nan kyauta. A shekarar dai, kamfanin Equifax na Amurka ya bar wani rami a manhajar Apache Struts bayan an fitar da facinsa a Maris, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147.

Na san amsar da ake bayarwa a nan: mu ƙanana ne, wa ya san da mu a Damagaram? Ƙwayar ba ta tambayar sunan gari. Lambar adireshi take bi. Kuma ƙofofinmu sanannu ne: hanyar shiga daga nesa da aka buɗe don Alhaji ya riƙa duba ciniki yana Kano ko Makka, aka bar ta a buɗe da kalmar sirri mai sauƙi; filash ɗin da ke yawo tsakanin wurin buga takardu da ofis; da sabar da ma'aikaci ke buɗe Facebook a kanta don ita ce mai intanet mai ƙarfi.

Akwai kuma ranar da kamfani yake daina fitar da faci gaba ɗaya, kuma ana sanar da ita shekaru kafin ta zo. Windows Server 2008 ta kai tata ranar 14 ga Janairun 2020. Windows Server 2012 ta bi ranar 10 ga Oktoban 2023. CentOS 7, wadda masu Linux (kishiyar Windows) da yawa suka dogara da ita, ta ƙare ranar 30 ga Yunin 2024. Windows 10, wadda ƙananan kamfanoni suke mayarwa saba, ranar da aka sa mata ita ce 14 ga Oktoban 2025. Ubuntu tana fitar da sigar dogon zango duk shekara biyu a watan Afrilu, da kulawar shekara biyar. Bayan ranar, na'urar za ta kunnu kamar kullum, shi ya sa ba a damuwa. Amma duk ramin da aka gano daga nan, a buɗe zai zauna ga wanda bai sayi ƙarin kulawa ba.

Dole in faɗi wata gaskiya mai ɗaci a nan. Sabobi da yawa a kasuwarmu suna tafiya da manhajar da aka fasa makullinta, ba a sayi lasisi ba, kuma wanda ya girka ta ya kashe sabuntawa da gangan don kar asiri ya tonu ta kulle. Irin wannan na'ura ba ta da tsarin kulawa da za a iya yi mata. Mai kamfanin da kuɗin lasisin Windows ya yi wa nauyi, gara ya zauna da mai kula da na'urarsa su duba ko aikin zai yiwu a kan Linux, wadda kyauta ce kuma facinta yana zuwa, da ya ɗora dukiyarsa a kan abin da ba za a iya gyarawa ba.

Ba ɓarayi ne kaɗai ke kayar da saba ba. Mafi yawan abin da ke kwantar da ita ƙananan abubuwa ne masu taruwa a hankali, kuma kowannensu yana ba da alama tun da wuri ga mai dubawa. Diski yana cika da fayilolin da manhaja ke rubuta rahoton aikinta a ciki, da tsofaffin kwafin ajiya da ba a share ba. Ranar da ya cika taf, rumbun bayanai ya ƙi karɓar ko faktir ɗaya. Manhajojin lissafi da yawa suna zaune a kan SQL Server Express, sigar kyauta wadda ta daɗe da iyakar gigabait 10 ga kowane rumbu, kuma kamfanin da ya shekara bakwai yana shigar da ciniki yana iya buga kai da wannan iyakar ba tare da ya taɓa jin labarinta ba. Sabar da ke da diski biyu masu kwafar juna tana ci gaba da aiki in ɗaya ya mutu, sai dai wata ƴar fitila ta koma ja. In babu mai duba fitilar, wata shida bayan nan na biyun ya bi, a ce na'ura ta mutu farat ɗaya. Har agogo yana da nasa: a tsarin Windows na ofis, in agogon kwamfutar ma'aikaci da na saba suka saɓa da fiye da minti 5, ana iya hana shi shiga, kuma sau da yawa ɗan batirin da bai fi kwabo girma ba ne a cikin na'urar ya mutu, wuta ta ɗauke, agogon ya koma shekarun baya.

Takardar shaidar tsaro, wadda ke sa ɗan kwaɗon nan ya bayyana a gefen adireshin shafi, tana da ranar mutuwa a rubuce a jikinta. Ranar 6 ga Disamban 2018 irin wannan takarda ta ƙare a cikin manhajar kamfanin Ericsson, masu layin O2 a Birtaniya su kusan miliyan 32 suka yini babu intanet, Japan ma ta taɓu. A Fabrairun 2020 Microsoft kanta ta manta sabunta tata, manhajarta ta taro da hirar ma'aikata, Teams, ta tsaya na awoyi. Takardun Let's Encrypt na kyauta kwana 90 suke yi, kuma masu tsara ƙa'idar sun yanke a 2025 cewa za a rage wa'adin takardun shafuka mataki-mataki har ya koma kwana 47 a 2029. Wanda ke sabunta tasa da hannu, yana dogara da tunawa, lokaci ya yi da zai sa na'ura ta riƙa yi da kanta, shi kuma ya riƙa tabbatarwa ta yi.

Duk da haka, tsoron mai gida ba na banza ba ne, kuma mai kula da kwamfutar da ya raina shi bai yi adalci ba. In Alhaji ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, yana da hujja. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin CrowdStrike, wanda aikinsa shi ne tsaron kwamfuta, ya tura wa abokan cinikinsa sabuntawa mai kuskure, kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 suka faɗi suka kasa tashi. Filayen jirgi da bankuna da asibitoci suka tsaya, kamfanin jiragen Delta shi kaɗai ya soke tashi kusan 7,000. An janye fayil ɗin cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi, amma sai da aka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya da hannu. Abin lura shi ne an tura wa kowa a lokaci guda, ba a fara da kaɗan an ga yadda za su yi ba. Bayan abin ya faru kamfanin ya koma tura irin wannan sabuntawa rukuni-rukuni. Ke nan faci yana iya kashewa, rashin faci ma yana iya kashewa. Abin da ke raba su shi ne tsari: me aka tanada kafin a taɓa, a kan wa aka fara gwadawa, kuma ta ina za a koma in abu ya ɓaci.

Tsarin yana farawa da rubutu. Littafi guda, ko da na makaranta ne, a rubuta kowace saba, sigar manhajar da ke kanta, aikin da take yi, ranar da lasisi da takardar shaida za su ƙare, ranar da kamfani zai daina ba ta faci, da lambar wanda ya sayar da manhajar lissafin. A rubuta kuma wa ke jingine da wa: na'urar buga faktir tana buƙatar rumbun bayanai, rumbun yana buƙatar wata siga ta musamman. Wannan ne ke hana a sabunta Windows a wayi gari tsohuwar manhajar kaya ta ƙi buɗewa.

Sai kwafin ajiya, kuma a nan nake so a daɗe, domin duk sauran a kansa suke tsaye. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka yarda da ita ita ce kwafi uku, a kan irin ma'aji biyu, ɗaya a wajen ginin. Kowane sashe na ƙa'idar akwai asarar da ta koyar da shi. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan ciniki suka tarar kwafin ajiyarsu a harabar yake, ya tafi tare da na asali. Diskin da ke maƙale a jikin saba dare da rana ma haka yake: ƙwayar da ta kulle sabar za ta kulle shi, tsawar da ta ƙona ta za ta ƙona shi. A Yunin 2017 ƙwayar NotPetya ta shafe na'urorin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, sai da suka sake girka saba 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana goma, asarar ta kai dalar Amurka miliyan 250 zuwa 300. Kamar yadda aka bayyana daga baya, kwafin wata muhimmiyar saba da ya tsira a ofishinsu na Ghana yake, don wuta ta ɗauke a can lokacin da ƙwayar ke yaɗuwa, na'urar ba ta kan layi. Abin da ya zo musu bisa tsautsayi, mu da gangan ya kamata mu yi shi: diski biyu ko uku ana juya su, ɗaya kullum a cire yake, yana cikin akwatin ƙarfe a wani gida.

Amma samun kwafi daban, dawo da shi daban. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanai bisa kuskure. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, da aka je dubawa babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan shi ya cece su, aikin awa shidan kuma ya tafi. Waɗannan ƙwararru ne masu kayan aiki. Saboda haka kwafin da ba a taɓa ɗora shi a kan wata kwamfuta an buɗe manhajar lissafi an ga cinikin jiya a ciki ba, ni ban lissafa shi kwafi ba. A yi wannan gwajin duk wata uku, a duba agogo a rubuta minti nawa ya ci, domin wannan adadin shi ne tsawon lokacin da shago zai zauna a rufe ranar da abin ya auku.

Tambayoyi biyu ne a nan waɗanda mai kamfani kaɗai zai amsa. Cinikin awa nawa zan iya jure rasawa? Kuma awa nawa zan iya zama babu na'ura? Makarantar da ke shigar da sakamako sau uku a shekara amsarta daban da ta wurin aika kuɗi, inda minti goma da suka ɓace rigima ce da mutanen da suka riga suka miƙa kuɗinsu. Amsar ce ke nuna ko kwafin dare ya isa ko sai na kowace awa, ko ana buƙatar saba ta biyu a gefe. A tuna kuma dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka wadda Nijar take ciki, ta wajabta adana takardun lissafi shekara goma. Kwafin makon jiya kaɗai bai cika wannan ba.

Littattafan da ake koyon wannan aiki da su an rubuta su ne a wuraren da wuta ba ta ɗaukewa, ɗakin saba kuma yana tsakanin digiri 18 da 27. Damagaram ba haka take ba, kuma tsarin da bai san da wannan ba a takarda zai ƙare. Mutanen Birni ba sa jiran hadari ya haɗu kafin su yi wa soro yaɓe, sun san watan da ake yi; kula da saba ma yana da watanninsa a garin nan. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, buƙatar wuta tana hawa, ɗaukewa tana yawa. Ondila ita ce akwatin batirin da ke riƙe saba in wuta ta ɗauke. Batirinta da aka ce zai yi shekara 3 zuwa 5, a digiri 25 aka ƙiyasta shi, kuma kowane ƙarin kusan digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Ondilar da ta riƙe minti ashirin tana sabuwa, bayan bazara biyu a ɗakin da babu sanyi ƙila ba za ta riƙe minti biyu ba, fitilarta kuwa tana nan kore. Ba a sanin gaskiyarta sai an cire ta daga bango an duba agogo, a ranar da aka shirya.

Wannan ya shafi manhaja kai tsaye. Wutar da ta yanke ana tsakiyar ɗora faci tana iya barin Windows rabi sabuwa rabi tsohuwa, ta ƙi tashi. In manhajar babban allon lantarkin da ke cikin akwatin na'urar ake sabuntawa, yankewar tana iya kashe allon gaba ɗaya. In rumbun bayanai yana tsakiyar rubutu, fayil ɗin yana iya lalacewa ba a gane ba sai bayan mako. Don haka ban yarda a fara ɗora faci ba sai gurup yana da mai, an tayar da shi an ji, ko batirin sola yana cike. Akwai kuma wata ƴar waya ta USB da ke zuwa cikin kwalin ondilar da yawa, wadda ake jefarwa tare da kwalin. Aikinta shi ne ondilar ta gaya wa saba batiri ya kusa ƙarewa, sabar ta rufe fayilolinta ta kashe kanta cikin natsuwa. Haɗa wannan wayar da girka manhajarta aikin rabin awa ne, kuma a wurinmu yana cikin mafi amfanin abin da za a yi wa saba. Wutar yankinmu wani babban kasonta daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina da Gazawa. Da aka yanke ta a Agustan 2023 bayan takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai Maris 2024, kuma duk mai saba a garin nan ya ga bambancin na'urar da ke kashe kanta da wadda wuta ke yankewa a ka sau da yawa a yini.

Zaɓen lokaci aikin mai kamfani ne tare da kwantabul, ba na mai kula da kwamfuta shi kaɗai ba. Ba Alhamis ba ga mai shago a kasuwa. Ba ƙarshen wata ba, lokacin albashi da bayanin haraji da na CNSS, asusun fanshon ma'aikata. Ba makon jajiberin Salla ba ga mai motocin safa ko mai aika kuɗi. Ba kaka ba ga mai sayen wake da riɗi da gyaɗa. Makaranta tana da dogon hutu, ta yi babban aikinta a ciki. Ga ofisoshi da yawa yammacin Juma'a bayan an sauko daga masallaci shi ya fi, domin in abu ya ɓaci akwai Asabar da Lahadi kafin Litinin. Microsoft tana fitar da facinta ranar Talata ta biyu a kowane wata, al'adar da ta fara tun 2003, kuma a agogonmu wajen magariba yake sauka. Ban ga dalilin da ƙaramin kamfani zai ɗora shi a daren ba. A fara sa shi a kwamfuta ɗaya wadda tsayawarta ba za ta hana ciniki ba, a bar shi kwanaki kaɗan, a saurara ko an ji kuka daga waɗanda suka riga, sannan a kai shi kan saba a cikin mako biyu. Banda ramin da aka sanar ɓarayi suna shiga ta cikinsa yanzu, musamman a na'urar da ke fuskantar intanet. Wannan ba ya jiran Juma'a. Kuma a sauke facin tun da rana ko kwana guda kafin nan, domin intanet ɗinmu yana iya cinye awa biyun da aka ware kafin a fara komai.

A daren aikin, jerin ba ya sauyawa. A sanar da ma'aikata tun da wuri. A ɗauki sabon kwafi, a buɗe shi a gani. In sabar tana cikin manhaja irin Proxmox ko Hyper-V, masu tafiyar da kwamfuta a cikin wata kwamfuta, a ɗauki hoton halin da take ciki, wanda ke ba da damar komawa cikin mintuna, amma a goge shi bayan kwana biyu, don in ya daɗe yana kumbura ya cinye diski, kuma ba ya maye gurbin kwafin ajiya. A canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya sabunta Windows da rumbun bayanai da manhajar lissafi a dare ɗaya ba zai san wanne ya ɓata ba. A sa sa'ar juyawa tun kafin a fara: in ƙarfe goma sha ɗaya ta yi abu bai daidaita ba, a koma yadda ake, a sake shiri. Gajiya da son a gama ne ke sa mai gyara ya ci gaba da tono har asuba. Kuma ba a cewa an gama don na'ura ta kunnu. Sai mai kes ko kwantabul ya shiga da sunansa, ya buga faktir na gwaji, ya ga ta fito.

Saura maganar mutane, wadda ta fi ta na'ura nauyi. A wurare da yawa mutum ɗaya ne ya san kalmar sirrin saba, kuma a kansa take. Ranar da ya samu aiki a Yamai, ko aka yi saɓani, ko ta Allah ta kasance, kamfanin ya zama baƙo a na'urarsa. A rubuta kalmomin, a rufe a ambulan, a sa a akwatin mai gida, a sabunta duk lokacin da aka canza. Ma'aikacin da ya bar aiki kuma a rufe sunansa a ranar.

Yadda ake biyan mai kula da kwamfuta ma yana buƙatar gyara. In sai na'ura ta lalace ake kiransa a biya shi, to babu wanda ke biyan kuɗin hana lalacewa, kuma matashin da ya zo ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ina so in kashe ta awa biyu daren Juma'a," kallon mai neman kuɗi ake yi masa. Yarjejeniyar wata-wata ta fi adalci ga kowa: kuɗi sananne, aiki sananne, da takarda shafi ɗaya a ƙarshen wata mai nuna facin da aka ɗora, kason diskin da ya rage, ranar da aka gwada dawo da kwafi da mintunan da ya ci, mintunan da ondilar ta riƙe, da abin da zai ƙare cikin wata uku masu zuwa. Mai gida ba ya buƙatar sanin kwamfuta kafin ya karanta wannan. In ya ga diski ya wuce kashi 80 cikin 100, ko layin gwajin kwafi babu kwanan wata, ya san tambayar da zai yi.

Babban aikin da ke gaban kamfanoni da yawa shi ne Windows Server 2016, wadda facinta zai ƙare ranar 12 ga Janairun 2027. Ranar ta faɗo daidai lokacin da kwantabul ya rufe shekara ranar 31 ga Disamba yana haɗa lissafin da za a miƙa kafin ƙarshen Afrilu, daga nan kuma bazara ta shigo. Ƙaura zuwa sabuwar siga ba aikin dare ɗaya ba ne: sai an tambayi mai manhajar lissafi ko tasa za ta zauna a kan sabuwar, a sa kuɗin lasisi da wataƙila na sabuwar na'ura a kasafi, a jira kayan su iso daga Yamai ko Kano, a girka sabuwar a gefe a gwada ta da kwafin bayanan gaske, tsohuwar kuma a bar ta a kashe amma a shirye na wata guda bayan an koma. Ga wanda kaka ba ta shafi cinikinsa ba, Nuwamba ce ta fi dacewa da wannan: damina da tsawarta sun wuce, zafi ya sauka, rufe shekara bai zo ba.